Motar da na so tun ina yaro, da shekara ukun da ta ci min

Na daɗe ina son rubuta wannan labarin amma kunya take hana ni, don akwai wuraren da ni kaina bana son tunawa. Abin da ya sa na daure yau shine satin da ya wuce wani ƙanina a wurin aiki ya turo min hoton mota a waya, doguwa baƙa mai ƙofa biyu, yace Yaya dan Allah duba min wannan, wallahi kuɗinta bai kai na ƙaramar sabuwar mota ba. Ina ganin saƙon gabana ya faɗi, saboda maganar da ya faɗa ita na faɗa wa nawa yayan shekarun baya, ko harafi bai canja ba.

Babana direba ne, mutum ɗaya ya yi wa aiki sama da shekara 20. Maigidan nasa yana da motoci da yawa amma akwai ɗaya da baya bari kowa ya ja shi a cikinta, shi yake tuƙa abarsa, Baba sai dai ya wanke ta ya kai ta sabis. Irin wadda ake kira kupe ce, kalmar daga Faransanci take, ma'anarta yankakkiya, wato an rage mata jiki an bar ƙofa biyu. Ina ɗan shekara 10 nake bin Baba ran Asabar ina taya shi wanki, kuma har yau ban manta abin da ya fara sace min zuciya ba: ƙofarta ba ta da ƙarfen da ke zagaye gilashi, kana jan marfin sai gilashin ya ɗan sauka da kansa kamar faɗin yatsa, kana rufewa ya koma sama ya shige cikin roba. Sai in ta buɗewa ina rufewa in Baba ya juya baya. Wata rana ina goge kafet na ɗora gwiwa a kan kujerar fata, sai ji nayi an fizgo ni ta wuyan riga. Ba faɗa yayi min ba, tsoro ne a fuskarsa, yace ɗan nan ka kiyaye, fitilar gaban motar nan guda ɗaya ta fi albashina na wata. Ranar ban yi kuka a gabansa ba amma na tafi da abin a raina, nace wallahi in Allah ya raya ni sai na mallaki irinta, sai na ɗauki Baba a kujerar gaba. Ni wulaƙanci na ji a maganar, alhali shi lissafi yake koya min, sai da na haura 30 na gane haka.

Allah ya rufa asiri nayi karatu na samu aiki, nayi aure, muka samu 'ya mace, matata kuma tana da cikin na biyu. Shekara 5 muna tara kuɗi ni da ita don mu mallaki wurin zama namu mu huta da haya, ita ma tana zuba nata daga ɗan abin da take samu. A wannan lokacin ne na ga motar. Injin silinda 8 mai tarbo biyu, wato na'urar da ke cusa wa injin ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi, shekararta 9 da fitowa, mitar tafiya na nuna kilomita 140,000 da ɗoriya, fentinta ko ƙwarzane babu. Da naji abin da mai ita yake nema sai da na sake tambaya don na zaci kunnena ne. Na kira yayana ina rawar jiki, ya saurare ni har na gama sannan yace kai ka taɓa tambayar kanka me yasa abin da masu kuɗi suka saya da tsada haka yanzu ya dawo daidai aljihunka? Nace Yaya ai rabo ne. Yace toh ka samu makanike wanda ya san irinta ya duba kafin ka biya. Nace toh, amma ban yi ba, don a raina tsoro nake kar a samo wani abu da zai hana ni saye.

Da yamma na je ganinta, kuma ina tuna na dafa bonet naji shi da ɗumi, mai motar yace yanzu ya dawo daga wanki. Ban kawo komai ba. Daga baya na san cewa yawancin ciwon irin wannan injin da safe yake magana, lokacin da ya kwana bai tashi ba, in an riga an ɗumama shi to ya yi shiru kenan sai gobe. Na tambayi takardun sabis yace sun ɓace wurin tashi daga gida. Dashbod babu wata fitila a kunne, na zagaya da ita na minti 10, na taka totur sau ɗaya naji ta manna ni da kujera, shikenan idona ya rufe. Na ɗebi kusan kashi biyu cikin uku na ajiyarmu na biya. Matata bata yi min gardama ba, tace kawai Abban yara ina za mu riƙa sa jariri? Nace akwai kujera a baya ai.

Gaskiya ba zan ɓoye ba, watanni ukun farko naji daɗin da ban taɓa ji ba. A kan doguwar hanya kamar ba ta taɓa ƙasa, ba ka jin iska ba ka jin rami. Na je na ɗauki Baba kamar yadda nayi alkawari, ya zauna a gaba ya shafa fatar kujerar yayi min addu'a sosai, amma da zai sauka ya tsaya riƙe da ƙofar yace ka ware mata nata kuɗin daban kuwa? Nayi dariya nace Baba lafiyarta ƙalau.

Sabis na farko ne ya fara nuna min inda na shiga. Tsohuwar motata lita 4 take sha na baƙin mai, wannan sama da lita 8 ta shanye, kuma ba kowane mai ba, sai sintetik mai lambar da kamfani ya rubuta, ga filtar iska biyu don injin gefe biyu ne, ga fulogi 8 kowanne da kwayil ɗinsa a kai. Fetur kuma sai mai oktan mai yawa, in cikin gari ne da cunkoso tana shan wajen lita 18 a kilomita 100, ninkin abin da na saba. Inshora ma ta tashi. Duk wannan na shanye nace ai wanda ya sayi babba dole ya ciyar da ita.

Sai wata safiya na fito na tarar gaban motar na hagu ya durƙusa, taya ta shige cikin jiki har ba ka iya sa hannu a tsakani. Na tayar da ita sai naji wani abu yana gurnani a ƙasa, a hankali ta miƙe ta daidaita, nace alhamdulillah ta gyara kanta. Ashe ita ba sifirin ƙarfe gare ta ba, a kan iska take zaune, kowace ƙafa da jakar roba da kwamfiresa ke hura wa iska, kuma robar nan in ta tsufa tana tsattsagewa a wurin da take naɗewa, iska ta riƙa zurarewa cikin dare. Wata biyu ina tafiya a haka ina cewa sai ƙarshen wata. Abin da ban sani ba shine shi kwamfiresan an yi shi ne ya yi aiki na ɗan lokaci ya huta, toh yanzu ya koma hurawa ba tsayawa don ya cike abin da ke zuba, har ya ƙone. Ranar da ya mutu motar ta kwanta gaba ɗaya a bakin hanya, ko janwe sai da aka sa katako kafin ta hau don bamba na gogar ƙasa. Gyaran da zai tsaya a ƙafa ɗaya ya zama ƙafa biyu da kwamfiresa. Don in rage kuɗi na sayi na hannu, wata 5 ɗaya daga ciki ya sake fashewa, don shi ma shekarunsa ɗaya da wanda aka cire.

A nan ne na fara yi wa matata ƙarya, kuma wannan shine ɓangaren da yafi min nauyi. Ta tambaye ni nawa aka kashe na faɗi rabin kuɗin. Ban shirya yin ƙaryar ba, kawai bakina ne ya kasa furta adadin gaskiya don ina ganin fuskarta da tsohon ciki. Daga ranar ya zama duk gyara kuɗinsa biyu ne, na gaskiya da na faɗa a gida, rasit ɗin kuma in tura su ƙarƙashin kafet ɗin but inda safaya take zama.

Ƙananan abubuwa kam ba sa ƙirguwa. Wancan gilashin da ya sace min zuciya ina yaro, shi ne ya fara ƙin sauka wata rana, na rufe ƙofa ya daki roba ya tsaya a waje, ruwan sama ya riƙa shiga, sai da aka canja injin ɗaga gilashin gaba ɗaya, kuma dole ya gaji tunda duk buɗe ƙofa da rufewa sai yayi aiki ko ba ka taɓa makunninsa ba. Ƙofar kanta doguwa ce mai nauyi, a wurin fakin mai matsi sai ka fita a karkace. Tayoyin baya sun fi na gaba faɗi don haka ba a juya su, na baya su cinye da wuri, ga su sirara ba nama, rami ɗaya na faɗa da daddare wili ya tsage. Mai gyaran taya ne ya nuna min lambobi 4 da ke gefen taya, biyun farko sati biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, ashe tayoyin da nake gudu da su sun haura shekara 7. Da aka haifi yaron kuwa, maganar matata ta tabbata, sai an kwantar da kujerar gaba ta sunkuya da jariri a hannu ta kutsa baya, tana fama da ciwon baya bayan haihuwa, bata taɓa yin ƙorafi ba sai dai in ji numfashinta.

A shekara ta biyu aka shiga manyan. Da safe in na tayar sai inji kar-kar-kar kamar ana jan sarƙa a kan kwano, daƙiƙa 2 ko 3 sai ya ɗauke. Sannan fitilar injin ta kama. A lokacin ne Allah ya haɗa ni da wani dattijon makanike da ya ƙware a irin waɗannan motocin, mutum mai ƙarancin magana. Ya jona na'urarsa a ramin da ke ƙarƙashin sitiyari, yace wannan ramin OBD2 sunansa, tun 1996 Amurka ta wajabta shi a motoci, kuma da na kawo motar kafin in biya da minti 5 ya ishe shi, don ko mai sayarwa ya goge laifukan na'ura tana nuna cewa kwanan nan aka goge, motar bata gama sake gwada kanta ba. Lambar laifin da ta fito a na'urar P0016 ce, wato juyawar ƙasan injin da ta sama ba sa tafiya daidai. Ya zana min a bayan kwali: sarƙar taimin ita ke haɗa juyawar ƙasan injin da ta sama don bawul su buɗe daidai lokacin da fistin ya sauka, akwai abin da ke ɗaure ta da ƙarfin baƙin mai, akwai kuma robobin da take gudu a kansu. In an riƙa jinkirta canjin mai sarƙar tana miƙewa robobin su cinye, ƙarar da nake ji da safe sarƙa ce sako-sako kafin mai ya hau. Yace in ta tsallake haƙori fistin zai daki bawul, daga nan ba gyara ake magana ba sai wani injin.

Bai tsaya nan ba, ya zare wata soket a gaban injin ya nuna min cikinta jiƙe da baƙin mai. Yace sensa ce ke yoyo, man yana bin cikin wayar kamar yadda kananzir ke bin lagwani, a hankali har ya isa kwamfutar injin. Ya buɗe soket ɗin kwamfutar muka ga ya riga ya fara isa. Na tsaya ina kallon ɗigon man nan a kan yatsansa jikina yayi sanyi. Nace Baba gaba ɗaya nawa? Da ya faɗa sai da na nemi wuri na zauna, albashina ne na wata 4 cif. Yace kayan da tsada amma rabin kuɗin na aiki ne, injin ya cika wurin ko hannu ba ya shiga, kafin ka kai ga abu ɗaya sai ka kwance goma. Sannan ya faɗi maganar da nake maimaita wa duk wanda ya tambaye ni, yace ɗana motar ce ta tsufa kuɗinta ya faɗi, amma kayanta ba su san ta tsufa ba, kuɗin sabuwa za ka riƙa biya.

Da a ranar na sayar da ita da na tsira da wani abu. Amma abin da zuciyata ke faɗa min shine ka riga ka zuba da yawa, ka gyara ƙafafu ka sa tayoyi, in ka yi wannan shikenan babu sauran abin da zai lalace. Ga kuma kunyar Yaya da ya gargaɗe ni, ga mutanen da suka saba ganina a cikinta. Na kwashe ragowar ajiyar gidan ba tare da matata ta sani ba, bai isa ba na ci bashi a wurin aiki ana cira daga albashi. Aka yi aikin, aka haɗa da man giya don ta fara fizga tsakanin ta biyu da ta uku, man da aka zubar baƙi ƙirin mai warin ƙuna, da alama tun fitowarta ba a taɓa canja shi ba saboda mutane sun yarda wai man giya na har abada ne, alhali ZF na Jamus da ke ƙera giyar manyan motoci da yawa su da kansu sun taɓa ba da shawarar a canja tsakanin kilomita 80,000 da 120,000 ko bayan shekara 8. Dattijon ya ce min tunda an buɗe gaba a canja bututun ruwa na roba da famfon ruwa gaba ɗaya, sun sha zafin tarbo shekara 10 sun bushe. Nace Baba wallahi babu, a bar su zuwa gaba. Ya kalle ni yace toh, amma ka riƙa kallon allurar zafi.

Wata 4 bayan nan, wajen ƙarfe ɗayan dare, yaron ya tashi da zazzaɓi mai zafi har yana fizge-fizge. Muka fito a guje, matata a baya rungume da shi, 'yar tamu a gefenta tana kuka. Mun yi kamar rabin hanyar asibiti sai jan rubutu ya fito a dashbod cewa in tsaya in kashe injin, naji wani wari mai zaƙi-zaƙi, tururi na fitowa ta gefen bonet. Na sani sarai abin da ake cewa, in mota tayi zafi ka tsaya nan take. Amma hanya ba kowa, ga yaro idonsa na juyewa, matata na cewa dan Allah kar ka tsaya, kar ka tsaya. Ban tsaya ba. Har naga allurar ta ɗan sauko naji sanyi a raina, ashe ruwan ne ya ƙare ƙaf sensa ba ta samun abin aunawa. Nayi kamar kilomita 6 a haka, muna shiga ƙofar asibiti ta mutu da kanta.

Yaron ya samu sauƙi alhamdulillah, kwana 3 aka sallame mu, kuma ko yau aka maimaita daren nan haka zan sake yi. Abin da ke ci min rai shine tun farko ni na ɗora iyalina a motar da na san an ce min bututunta sun bushe. Wani ɗan bututu ne da bai fi tsawon tafin hannu ba ya tsage a bayan injin. Dattijon ya sa wani ruwa shuɗi a kwalba a bakin tankin ruwa, muna kallo ya koma rawaya, yace hayaƙin injin na shiga cikin ruwa, gaskit ɗin da ke tsakanin kan injin da jikinsa ya ƙone. Ya buɗe murfin baƙin mai ga wani abu fari-fari kamar madara ya kama. Kan injin na alminiyom ne, zafi ya lanƙwasa shi, kuma guda biyu ne tunda silinda 8 ce.

Wata 7 motar tana garejinsa an rufe ta da tamfol. Ni kuma na koma bin motar haya ina biyan bashin motar da ba ta tafiya, na rame, bana barci, abu kaɗan in hau yara da faɗa. A gida nace kaya ake jira daga waje. Ran nan matata tace tana son ɗauko keken yaron da muka bari a but tun daren asibiti, ban yi tunanin komai ba na bata makulli. Da na dawo da yamma na tarar da rasit ɗin nan gaba ɗaya a jere a kan gado, ta shirya su wata bayan wata, ta haɗa lissafin a takarda da biro. Jimillar ta haura abin da na sayi motar. Ni kaina ban taɓa haɗawa ba don bana son sani.

Bata ɗaga murya ba, da ma ta yi da ya fi min sauƙi. Tace Abban yara kuɗin gidan fa? Nace babu. Tace har nawa da na zuba? Nace har shi. Tayi shiru mai tsawo sannan tace ba kuɗin ne ya fi min ciwo ba, shekara biyu kana shigowa kana kallon idona kana faɗa min abin da ba shi ba, ni ina ta rage cefane ina zaton taimakonka nake mu kai ga gida. Wallahi ban taɓa jin ƙanƙanta irin ta daren nan ba. Na bata haƙuri, na faɗa mata har bashin wurin aiki da bata gani a rasit ba, don na ga in na rage ko ɗaya to ban daina ba. Ta yafe min amma ta daɗe kafin ta dawo yadda take, kusan shekara duk abin da nace na saya sai naga tana kallona tana auna maganar, kuma ban ga laifinta ba.

Washegari na je wurin Babana na zayyana masa komai. Ya saurara yana jinjina kai, sannan ya ba ni labarin da bai taɓa ba ni ba, yace maigidansa duk shekara 4 yake sayar da irin wannan motar ya ɗauko sabuwa, ba don ta daina burge shi ba, yana rabuwa da ita ne kafin garanti ya ƙare kafin ta fara cin kuɗi, kuma ko a lokacin akwai wasu motoci 3 a gidan da ake hawa in tana gareji. Yace ni na sha kai ta sabis ina ganin takardar kuɗin, shi yasa na fizgo ka ranar nan. Nace Baba ni fa saboda kai na saya. Yace na sani ɗan nan, kuma naji daɗin ranar da ka ɗauke ni, amma da a ƙafa ka zo ma haka zan ji.

Ban gyara ta ba. Dattijon ya samo wani mai sayen irinsu don kaya, kafin ya yi tayi na zaunar da shi na lissafa masa duk abin da ke jikinta, wanda aka gyara da wanda ba a gyara ba, na miƙa masa rasit ɗin gaba ɗaya, don na rantse ba zan yi wa wani abin da aka yi min ba. Abin da ya bayar bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin da na saye ta ba. Da janwe ya zo ɗaukarta na buɗe ƙofar in cire takarduna, batir ya mutu tuntuni don haka gilashin bai sauka ba, sai da muka tura shi da hannu kafin ƙofar ta rufu. Na juya baya don kar yaran gareji su ga idona.

Sai da nayi wata 20 kafin na gama biyan bashi. Yanzu ƙaramar mota nake ja mai ƙofa 4 da silinda 4, matata ce ta zaɓe ta, dattijon ya duba ta awa biyu a kan rami kafin mu biya. Mun sake fara tara kuɗin gida daga farko, littafin lissafin yana hannunta. Har yanzu in irin waccan ta wuce ni a hanya sai na bi ta da kallo, son bai fita ba, kuma bana cewa motocin banza ne, wanda yake da wata motar ta yau da kullum, yake da makanike da ya san ta, kuma zai iya ajiye kuɗin babban gyara gefe ba tare da ya taɓa na gidansa ba, zai ji daɗinta ƙwarai. Ni ba ni da ko ɗaya cikin ukun a lokacin.

Shi ƙanin nan nawa na wurin aiki ban ce masa kar ya saya ba, don na san yadda nayi da maganar Yaya. Nace ya kira mai motar ya gaya masa za mu zo ƙarfe 7 na safe, kar a tayar da ita kafin mu iso, ya fito da takardun sabis, kuma za mu wuce da ita gareji a ɗaga ta a jona na'ura. Nace kuma kafin mu je ya tambayi kuɗin ƙafar iska ɗaya da taya ɗaya ta baya da fitilar gaba ɗaya, ya rubuta a takarda ya nuna wa matarsa. Jiya da safe muka je ni da shi da dattijon. Muna isa na wuce kai tsaye na ɗora tafin hannuna a kan bonet, naji shi da ɗumi. Na kira ƙanin nawa nace zo ka taɓa nan.